Inda Layin Ya Tsaya

Kekunan gwanjo nake sayarwa a Kafanchan, tun ina jingina biyu a jikin katanga har na yi shago da sito. Ba na sayen abin da ban san amfaninsa ba, amma wannan na'urar kyauta ta zo mini, ɗaure a kan wani keken Turai cikin kayan da na ɗauko daga Legas. Da kaɗan ta fi kwalin ashana. GPS ake ce mata. Tana kama tauraron ɗan'adam, ta zana duk hanyar da keke ya bi ta adana, kuma in ka so wata rana ta maido ka kan layin. Na sa ta a kasuwa, babu wanda ya taya. Wa zai sayi abin da zai nuna masa hanyar garinsu? Sai na ɗaura ta a nawa keken, tunda dama likita ya ce in riƙa motsa jiki saboda suga.

Abokin hawana wani dattijon coci ne, manomin citta daga wani ƙauye bayan Godogodo. Shi yake kawo mini manoma in kaka ta yi kyau suna son keke. Ina ce masa Baba, shi kuma yana ce mini Alaji tun kafin in ga Makka. Mukan ɗora kekuna a mota zuwa Godogodo, daga nan mu taka zuwa ƙauyensu. Duk lokacin da na'urar ta yi ƙara sai ya yi dariya.

"Alaji, aljaninka ya tashi. Tambaye shi ko za a yi ruwa."

"Hanya kawai ya sani, Baba."

"To ni ma na san hanya, kuma ba a sa mini caji."

Matarsa ta rasu bayan doguwar jinya, aka binne ta a bayan ɗakinta yadda suke yi, aka jera duwatsu. Na je gaisuwa. Ya ce in citta ta fito zai yi wa kabarin siminti. Kafin ta fito aka kai wa ƙauyen hari. Wanda ya tsira ya fita da rigar jikinsa, ba wanda ya koma. Baba ya dawo wurin 'yarsa a Kafanchan, ɗaki ɗaya da jikoki. Damuna ta yi ta zuwa tana wucewa.

Da abubuwa suka ɗan lafa, ya zo shagona da gicciyen ƙarfe da mai walda ya yi masa, a naɗe cikin buhu. Ya ce na kabarin matarsa ne, ya gwada zuwa ƙauyen shi kaɗai, daji ya haɗiye hanya, ya juyo.

"Aljanin nan naka, har yanzu yana tuna garinmu?"

Na duba. Layin yana nan.

'Yar ta so hana shi. Ya ce mata ba zai mutu uwarta tana kwance ba alama kamar baƙuwa ba. Na samo mafarauta biyu da za su raka mu a babur, muka tashi da safe, gicciye da rabin buhun siminti a bayan kekensa.

Gaskiyar magana na'urar ta yi aikinta. Inda idona ba ya ganin komai sai gamba da ta fi tsawon mutum, ita tana cewa a nan ne. In na kauce ta yi ƙara, in dawo. Mun fi tura kekunan da hannu. Ta ƙetarar da mu rafi daidai inda mashigin yake a da. Baba ya daina zolaya, yana biye da ni yana haki, ƙayar da ta yage masa wando ma bai kula ba.

Can sai layin ya ƙare. Na'urar ta nuna mun iso.

Babu komai a wurin sai ciyawa da wani baƙin kututture.

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. A ƙauyensu ba a wuce dattawa a kan keke. Kowa yana sauka a gindin mangwaron da ke bakin gari, ya jingina kekensa, ya gaida waɗanda ke zaune, ya ƙarasa gida da ƙafa. Haka muka yi duk zuwan da muka yi. Na'urar kuwa a jikin keke take. Ba ta taɓa zuwa ƙofar gidan Baba ba. Mangwaron ma masu gawayi sun ci shi.

"Daga nan na sani," in ji shi. "Hannun hagu, bayan ɗorawa."

Babu ɗorawa. An kwashe kwanon rufi, ruwan sama ya narkar da ɗakunan ƙasa sun zama tudu-tudu, kowanne kamar ɗan'uwansa. Wani manomi ma ya taɓa shiga ya ja kunyoyin noma a kai, ya tattara duwatsun da suka tare masa garma ya zuba gefe guda. Baba yana bin tudun nan ɗaya bayan ɗaya da adda, ya durƙusa ya tona da hannu, ya tashi. Ya samu murfin tukunya, ya juya shi, ya ce ba nata ba ne. Yana magana da yarensu, ba da mu ba.

Na ce, "Baba, ƙasar duk ɗaya ce. Zaɓi inda zuciyarka ta fi kwantawa mu kafa."

Ya dube ni. "Alaji, in na kafa a kan matar wani fa? Ko kan turken akuya? Kai ba ka sayar da keken da ba ka duba ba."

Muka ci gaba da sassabe har rana ta karkata. Babban mafarauci ya ga sawun da bai gamshe shi ba a bakin rafi, ya ce ko da mu ko babu mu, su za su tafi. Baba ya bar simintin a wurin. Gicciyen ya mayar cikin buhu.

A Godogodo muka ɗora kekunan a mota, muka dawo gari. Ya ce in ajiye gicciyen a sitona, kada ya shiga gida da shi.

"In yarinyar nan ta tambaye ka, ka ce mun samu."

"Ba zan faɗi abin da ba a yi ba, Baba."

"To ka yi shiru."

Washegari 'yar ta zo shago da kwanon acca. Ta durƙusa, ta ce Allah ya saka, yanzu mama ta huta, baba ma jiya ya yi barci. Ta tambaye ni ko wurin ya yi kyau.

Na ce mata na'urar ta kai mu har bakin gari ba ɓata. Ta ce mun gode wa Ubangiji. Na karɓi kwanon. Sai ga wani ya shigo neman taya, na tashi na ba shi.