Inda Maccido Ya Baro Ruwa

A ƙasar da na yi karatu akwai wata taswirar duniya manne a bangon ajinmu, an raba ta da launuka kamar saƙar zane. Tsakiyar duniya kore shar, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Sama da nan rawaya, hamada ke nan. Can ƙarshe kuma fari fat, ƙasashen ƙanƙara. Namu yankin wani siririn ziri ne tsakanin kore da rawaya, yatsa ɗaya ya isa ya rufe shi. Na haddace sunayen yankunan nan, na ci jarrabawa da su, amma ban taɓa yarda cewa suna nan a ƙasa ba. Gani nake aikin masu zane ne kawai, don ban san wanda ya taɓa taka iyakar kore da rawaya da ƙafarsa ba. Da wannan shakka na dawo Kaura Namoda, kuma ba zan ce ta tafi duka ba. Abin da ya rage mata ƙarfi shi ne zaman da na riƙa yi da Maccido direba, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ratsa launukan nan da mota.

Maccido haifaffen Kurya Madaro ne, ɗan manomi, amma tun yana saurayi shi da fartanya ba su sha inuwa ɗaya ba. Ya gudo tashar Kaura, ya koyi tuƙi, har aka ba shi babbar mota. Yana lodin wake da albasa daga Shinkafi da Kaura zuwa Kurmi, ya dawo da manja da katako. Yanzu gemunsa ya yi furfura, hannunsa na hagu kuma ya fi na dama baƙi saboda ɗora shi da yake yi a tagar mota.

Hanya ta koya masa kallon itatuwa. Idan ya tashi daga gida, kuka da gawo da aduwa ke raka shi. Can gaba sai ɗorawa da kaɗanya su karɓe shi. Da ya haye gadar Jebba sai daji ya fara duhu, iska ta yi nauyi, kwakwar manja ta fara leƙowa, riga ta manne wa mutum a baya. Ya kuma lura cewa damina ba ta faɗowa ko'ina lokaci guda. Daga bakin teku take tasowa ta yo arewa sannu a hankali, kamar matafiyin da ke yada zango a kowane gari.

Saboda haka ne a tashar Kaura ake da wata tambaya da ba a yin ta sai da bazara. Direban da ya dawo daga Kurmi, tun kafin ya kashe mota, manoman da ke zaune a rumfar mai shayi za su jefo masa ita: ina ka baro ruwa? Kowane direba ana tambayarsa, amma an fi jiran amsar Maccido, domin shi yakan tsaya ya sauko ya tona ƙasa da dunduniya ya ga inda lema ta kai.

"Direba, ina ka baro shi?"

"Yana Mokwa, yana hutawa."

"To ka ɗauko muna shi mana, ga mota ba kaya."

"Na yi mishi tayi. Ya ce ba ya zuwa garin da mutanensa ba su gama sharar gona ba."

Haka ake yi a yi dariya, amma kowa ya tashi da lissafinsa a zuci. Sau da yawa maganarsa kan yi daidai, wani lokaci kuma ta kuskure, ba wanda ya taɓa riƙe shi da ita.

Shekarar da hare-hare suka tsananta a ƙauyukansu, yayarsa Saliha ta baro Kurya da jikokinta ta sauka gidansa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ke noma abinta. Ta bar akuyoyi, ta bar tukwane, amma ta naɗo wasu zangarniyoyin gero a cikin zane. Irin mahaifinsu ne, zango mai dogon kai, wanda kowace kaka ake zaɓar mafi kyau a rataye don shekara mai zuwa. Wani maƙwabci ya ara mata 'yar gona a bakin gari, ta hanyar Sakajiki. Maccido bai taɓa nuna mata gajiya ba, amma Saliha ba macen da za ta zauna ana auno mata abinci ba ce. So take kafin kaka ta sa nata hatsin a tukunya.

Irin da ke hannunta na shuka ɗaya ne. A nan ne maganar binne ta shigo. Binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Idan ruwan farko ya zo da ƙarfi kuma wani ya biyo shi, mai binne ya riga kowa, shi zai fara cin sabon gero lokacin da rumbuna suka yi fayau. Idan kuwa ɗan yayyafi ya tada iri sannan sama ta ɗauke, tsiron zai ƙone, sai a sake shuka. Mai rumbu yana iya sakewa. Saliha ba ta da abin sakewa.

Ana cikin haka Maccido ya dawo daga wata tafiya da mota jiƙe. Ruwa ya kama shi tun daga Funtuwa, bai sake shi ba sai da ya wuce Tsafe, har sai da ya ajiye mota a gefen hanya don ba ya ganin gabansa. Ya shigo gida yana murna, ya tarar da Saliha a tsakar gida tana tsintar wake.

"Auta, ina ka baro shi?" Har yau haka take kiransa, duk da furfurarsa.

"Tsafe, Yaya. Ba yayyafi ba, ruwa na gaske. Biye yake da ni."

"Ka tabbata? Irin Baba ne, ba ni da wani."

"In da ni ne, da gobe na binne."

Ta dube shi, ta dubi kudu inda hadari ya yi baƙi. Da gari ya waye suka fita tare. Shi ke sara da sungumi, ita tana biye tana jefa iri tana rufewa da ƙafa.

"Wanga layi naka ya fi hanyar Zurmi karkata," in ji ta. "Da haka kake tuƙi, da tuni mun yi ta'aziyya."

"Yaya, ni da mota munka saba, ba da itace ba."

Ruwa ya zo kamar yadda ya faɗa, amma ba irin wanda ya baro a Tsafe ba. Ya jiƙa fuskar ƙasa, ya tada ƙamshi, ya wuce. Iri ya amsa, gona ta yi tsiro siri-siri kamar allurai. Daga nan sama ta washe.

Lodi ya samu, Maccido ya sake yin kudu. Wannan tafiya ita ce ya ce bai taɓa yin mai nauyinta ba. Daga Zariya har bakin teku cikin ruwa ya yi ta. A Ikko ya tarar kasuwa ta cika da ruwa har gwiwa, masu sauke kaya suna tsaki suna cewa yaushe za a huta da wannan masifa. Ya tsaya a ƙarƙashin wata rumfa yana kallon ruwa yana kwarara daga kwano yana bin kwata, yana tunanin cewa abin da ke zuba daga rufin nan kaɗai ya ishi gonar yayarsa. Ya kira gida, aka ce masa an fita roƙon ruwa, har yanzu dai shiru.

Da ya dawo bai shiga gida ba sai da ya biya gonar. Tsiron ya naɗe, ya yi ja, yana taɓa shi ya marmashe. Ya tona da yatsa ko akwai ƙwayar da ba ta tashi ba, bai samu ba. A gida Saliha ta yi masa sannu da hanya, ta kawo masa ruwa, ta ce Allah bai nufa ba. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Ya lura kuma ba ta tambaye shi inda ya baro ruwa ba.

Damina ta kankama a makare. Masu ragowar iri suka sake shuka. Maccido ya yi ta neman irin zango a wurin mutanen Kurya da ke zaune a Kaura, amma kowa ya zuba nasa a ƙasa, wasu har sau biyu. Gonar Saliha ta fara fitar da ciyawa.

Ranar kasuwar Shinkafi ya je ɗaukar kaya, sai ya haɗu da Ɗanasabe, wani dattijon manomi daga arewacin Zurmi wanda ya sha ɗauko wa hatsi. Dattijon ya dube shi sama da ƙasa.

"Direba, mi ya samu fuskarka? Ko motar ce ta rasu?"

Maccido ya zauna a kan buhu ya ba shi labari. Ɗanasabe ya saurara yana sosa gemu.

"Ko ka samu zangon nan yanzu, ba ya kaiwa," in ji shi. "Dogon gero dogon ruwa yake so, bana kuwa an riga an ci rabin damina. Kai kullum kudu kake kallo. Ka taɓa tambayar mi mutanen da ke arewa da mu suke shukawa? Su ruwansu bai kai namu ba, kuma suna cin tuwo."

Ya jawo wani ƙullin buhu daga cikin kayansa. Ragowar irin da ya shuka ne, wanda danginsa na hayin iyaka, cikin Nijar, suka ba shi: gajeren gero mai saurin nuna. Ya kawo ne ya sayar, amma da Maccido ya sa hannu a aljihu sai ya riƙe masa hannun.

"Bari. In ya yi, ka ba wani."

Da ya kawo irin gida, Saliha ta zuba ƙwayoyin a tafin hannu ta kai su haske. Ƙanana ne, ba su da hasken na mahaifinsu.

"Wanga ai abincin tsuntsu ne. Da Baba ya gan shi da ya yi dariya."

"Baba bai ga irin wagga damina ba, Yaya."

Ta mayar da ƙwayoyin cikin ƙullin. Maccido bai matsa mata ba, don ya riga ya ba da shawara sau ɗaya. Ta ajiye ƙullin a ɗaka. Sai da aka yi wani ruwa mai ƙarfi ta fita ita kaɗai, ta tura hannu cikin ƙasa har wuyan hannu, ta ji lema ba ta ƙare ba, sannan ta aiko a kira shi ya zo da sungumi.

Geron ya tashi da sauri, amma bai yi tsawo ba. Na maƙwabta ya wuce kan mutum, nata iyakarsa ƙirji. Masu wucewa suna tambayarta ko ciyawar doki ta shuka. Duk lokacin da Maccido ya dawo daga tafiya, gonar yake fara zuwa. Ya ga ta yi kai, ya ga ta yi bununi, ya ga ido ya fara cika, kowane zuwa da fargabar kada ruwa ya ɗauke kafin a kai. Ruwan kuwa ya ɗauke da wuri a shekarar, amma ya tarar geron ya riga ya ƙosa.

Abin da aka girbe bai cika rumbu ba. Ya dai kai Saliha da jikokinta nesa, ta kuma ware zangarniyoyi masu kyau ta rataye. Ranar da ta gasa tumun farko, ta murje shi a faifai, ta miƙa wa ƙanenta kafin jikoki.

"Ci, Auta. Bai kai na Baba zaƙi ba, kada ka ce na ce ya kai. Amma Alhamdulillahi. In ka ga mutumen nan na Zurmi, ka ce ina gaishe shi, Allah ya saka mishi."

Irin mahaifinsu dai ya fita daga hannunsu. Suna sa ran yana nan a rumbun wani a Kurya, in hanya ta yi lafiya za su nema. Daga sabon irin kuma Saliha ta riga ta ɗibar wa mata biyu da suka baro ƙauyukansu kamar ita.

Da bazarar da ta wuce na same shi a tasha ya sauko daga mota, manoma sun kewaye shi. Bayan sun watse na tambaye shi ko bai ji tsoron sake amsa tambayar nan ba, bayan abin da ya faru.

Ya ce, "Ina amsawa mana. Mutane na son su sani, ni kuma na gani da idona, rowa ce in ɓoye. Ina faɗa musu garin da na baro shi da inda lema ta kai. Abin da na daina shi ne cewa yana biye da ni. Ni dai na san ya zo bara, ya makara amma ya ciyar da mu, kuma na gode."