Wayar Baba Kumfa Ta Daina Wanka

A bakin titin ofishinmu akwai wani mai wankin mota da kowa ke kira Baba Kumfa. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana wanke mini mota duk ranar Talata, kuma ban taɓa ganin ya sauya tsari ba: rufi tukuna, sai gilasai, sai jiki, tayoyi a ƙarshe. Idan ya gama aikin yini, wajen biyar da rabi, sai ya ciro wayarsa ya sakar mata ruwan tiyo, ya goge ta da tsumma mai laushi. 'Yarsa ce ta saya masa ita, ta ce irin wadda ruwa ba ya shiga ce, shi kuwa ya riƙe maganar hannu bibbiyu.

"Wayata ta fi wasunku wanka," haka yake ce wa direbobin da ke zama a bencinsa.

Da batirin ya daina riƙe caji, ya kai ta wajen mai gyaran waya da ke kusa da mu. Ina shagon ranar Litinin da aka miƙa masa ita. Mai gyaran ya ce, "Baba, na sa sabon batiri, amma ka saurare ni. Da na buɗe ta, gam ɗin da ke hana ruwa shiga ya tashi. Na sa wani, sai dai bai kai na kamfani ba. Wanka ya ƙare."

"Na ji, ɗana," in ji Baba Kumfa. Kunnensa ya ji kam, hannunsa ne bai ji ba.

Washegari da yamma, motata ce ta ƙarshe, ina tsaye yana ƙarasa tayoyinta, yana ba ni labarin 'yar tasa. Tana wani gari mai nisa, watan haihuwarta ya kama, jikansa na fari ke nan, kuma mijinta ya yi alkawarin nuna masa jaririn ta kiran bidiyo. Yana cikin magana hannu ya shiga aljihu, tiyo ya hau kan waya. Sai da na ce "Baba!" sannan ya farga. Fuskar wayar ta yi ƙifta biyu, ta ɗauke.

Muka ɗunguma shagon mai gyara, har da direbobi uku.

"A tura ta cikin shinkafa," in ji ɗaya daga cikinsu.

"Shinkafar ka kai wa uwargida ta dafa," in ji mai gyaran. "Baba, ka gwada kunna ta?"

"Ban gwada ba."

"To, da sauran rai."

Ya buɗe ta, ya cire batirin, ya nuna mana ɗigon ruwa a gefen gam ɗin. Ya ce sai ta kwana biyu a buɗe. Layin kuma ya sa masa a wata ƙaramar waya mai maɓallai, wadda ba ta hoto.

Ranar Laraba da hantsi ƙaramar wayar ta yi ƙara: an sauka lafiya, mace. Surukin ya fara cewa, "Baba, wallahi kamarta ɗaya da..." Baba Kumfa ya katse shi. "Kul! Kada ka faɗa mini, da idona zan gani."

Ranar Alhamis, sha ɗaya da kwata, mai gyaran ya tsallako titi da wayar a hannu, tana aiki. Komai ya dawo sai kyamarar gaba, da ruwa ya bar wa tabo. Nan take aka mayar mata da layin, Baba Kumfa ya goge hannu a riga ya yi kiran bidiyo.

"Baba, dishi-dishi muke ganinka," in ji 'yar, tana dariya. "Me ka yi wa wayar?"

"Ke dai matso da jaririyar, ni ina ganinku sarai." Ya ƙura wa wayar ido. Can ya ce, "Wannan hancin nawa ne. Ki faɗa wa mijinki ya haƙura."

Ya bi bencin yana nuna wa direbobi ɗaya bayan ɗaya. Kumfa ya bushe a jikin motar da ya fara wankewa, mai ita kuwa shi ma yana layi a nuna masa.