Gurbi na Biyu da na Fuɗu

Har yau ban yafe wa taubashina ba, kuma ba ni da niyya. Saura ƙiris ya sa in sayar wa 'yan gwangwan kwamfutar ƙanena, wannan da nake rubutun nan da ita, don bai yarda matar da ta fara riƙe fensir tana da shekara arba'in za ta karanta abu ta gane shi daidai ba. Ni ma ban yafe wa kaina ba. Na gani, na sani, na kama bakina.

Ƙanen nan nawa ma'aikaci ne a Tambuwal. Shi ya ɗauko ni daga Kebbe bayan rasuwar maigidana, ya sa ni ajin yaƙi da jahilci, daga baya ya zaunar da ni gaban kwamfuta yana nuna mini inda zan ɗora yatsa. Ba a jima ba ciwon hanta ya tafi da shi. Ranar rabon kayansa kowa ya ɗauki abin da ya san amfaninsa, aka bar mini ita da kwalinta. Da ita nake buga wa wata makaranta takardun jarrabawa. Nan cina yake, nan shana.

A shekara ta uku ta fara nauyi. In na buga kalma sai in zauna ina jiranta kamar mai jiran mota ta cika a tashar Kebbe. Wani mai gyara a Sakkwato ya ce mini ta waya ram ɗinta ne ya yi kaɗan. Na ce mene ne haka? Ya ce in ɗauka faifan tankaɗe ne: in ƙarami ne, gari kaɗan zai ɗauka, sai a yi ta kaiwa da komowa. Ya aiko direba da sababbi biyu iri ɗaya, sirara, tsawon mataji, ya ce a cire tsohon a sa su.

Kafin a zo sa su na zazzage kwalin, na sami ɗan littafin da aka sayo ta da shi. Turancina na rarrafe ne, amma akwai zane. Allon cikinta yana da gurbi fuɗu a jere, biyu baƙaƙe, biyu ruwan toka. Zanen ya nuna ƙarara: in ram biyu ne, ɗaya a gurbi na biyu, ɗaya a na fuɗu, ana ƙirgawa daga wajen fanka. Sau uku na bi layin da yatsa.

Taubashin nawa ɗan gwaggona ne, yana gyaran rediyo da waya a kasuwa. Ya zo bayan la'asar, maƙwabtana mata biyu suna zaune bakin ƙofa suna gyaran zogale. Ya kwance murfin, ya zare tsohon, ya danna sababbin a gurbi na ɗaya da na biyu, kafaɗa da kafaɗa.

Na ce, "Bawana, tsaya. Littafin cewa ya yi na biyu da na fuɗu."

Ko kallon littafin bai yi ba. Ya ce, "Ke tsohuwa 'yar aji ɗaya! Jiya-jiya kinka san baƙi, yau ni za ki koya ma aiki? Ina kinka taɓa ganin an bar giɓi ga sahu? Ko masallaci, liman cewa shika yi a matso a cike."

"Wannan ba masallaci ba ne."

"To shekara ashirin nika buɗe cikin ƙarfe. Ke cikin kaza kaɗai kinka iya buɗewa."

Matan suka kwashe da dariya. Ni ma na yi. Abin da ke cina ke nan har yau. Ba a fushi da wasan taubashi. Wadda ta yi fushi ita ce marar tarbiyya, ita za a yi ta zance. Duk Kebbe an san bakina, na taɓa tsayar da dillalin shanu tsakiyar kasuwa sai da ya ba da haƙuri. Amma a kan karatu, ana yi mini dariya sai in ji na koma ranar farko a aji. Na ce a raina wataƙila ni ce na ƙirga daga baya.

Ya kunna. Fanka ta juya, fuskar ta yi haske, ta daskare, ta mutu. Ta sake tashi da kanta, ta sake mutuwa. Ya zare su, ya hura, ya goge da bakin hularsa, ya musanya na nan da na can, duk a cikin gurbin nan biyu. Kwana uku yana zuwa yana maimaita abu ɗaya. Na uku da na fuɗu ko taɓa su bai yi ba.

A rana ta uku ya share gumi ya ce, "Allon ya mutu, dama tsufa ya kama shi, irinki. Na yi ma mai gwangwan magana, gobe da hantsi shina zuwa ya auna ta."

Ya auna ta. Kamar tsohuwar tukunya.

Yana fita shugabar makarantar ta yi sallama. Mace ce mai kunya, ta daɗe tana gaisuwa kafin ta ce, "Inna, ba don ni ba, jarrabawa ba ta jira. A ba ni takardun."

Na ce, "Malama, kwana ɗaya."

Ta ce, "Kin ce haka shekaranjiya."

Gaskiyarta. Na haɗa mata su a leda, ta kai wani shago a bakin titin Sakkwato. Har yau aikin makarantar nan bai dawo hannuna ba.

Na zauna a tsakar gida da littafin har rana ta yi sanyi. A gefen shafin akwai tabon shayi, na ƙanena ne, don shi ba ya karatu sai da kofi a hannu. Na sake bin zanen. Sai a lokacin na lura da layukan da ke ƙarƙashi: na ɗaya da na biyu hanyarsu guda, na uku da na fuɗu hanyarsu guda. Wato jaki biyu muka tura a turba ɗaya, ga wata turbar ba kowa. Ni da na yi shekara talatin ina shuka gero, na san ba kowane fili ake cikewa ba. Ban ƙirga daga baya ba. Daidai na karanta tun ranar farko, na bari dariyar mata biyu da ɗan gwaggo ta cinye mini aiki.

Da gari ya waye na cire wayar wuta, na taɓa ƙarfen ƙofa kamar yadda marigayi ƙanena ya koya mini, na kwance murfin da bakin wuƙa. Na gurbi na biyu na bar shi inda yake. Na danna 'yan kunnuwan na ɗaya, ya ɗago, na kai shi na fuɗu, na daidaita tsagar, na danna da manyan yatsuna har ya ce ƙas.

Sai ga sallamar mai gwangwan daga zaure, taubashina yana bayansa yana cewa, "Tsohuwa, fito da gawar!"

Ban kunna ba tukuna, ban san abin da za ta yi ba. Na ɗaga murya yadda duk layin zai ji, na ce, "Malam, koma da sikelinka, ba ta sayarwa ba ce. Kai kuma bawana, tsaya nan waje."

Na mayar da wayar wuta, na yi bisimilla, na danna.