Dorinar da Baba ya shafa wa mai

Ranar da ƙanena zai tafi fara koyarwa a firamaren wani ƙauye, da hantsi na baro gidan mijina da ƙullin yaji, ƙuli-ƙuli da dambun nama. Na kuma tanadi nasiha cike da baki, don ni na goya yaron nan.

Ina shiga zauren gidanmu a Ƙofar Kuyambana na ji warin man kaɗanya. Baba na zaune a kan buzu, dorina a cinyarsa, yana shafa mata mai. Tsohon hedimasta ne, dorinar kuwa ta kakanmu ce. A gidanmu duk wanda zai fara riƙe aji da ita ake sallamarsa.

Ni na san ta sarai. Ina 'yar shekara tara Baba ya zane ni da ita saboda na kasa haddace lissafin sau bakwai, har na saki fitsari a tsakar gida, kwana uku a kife nake barci. Ƙanena ya fi ni shan ta. Wallahi na tsani abar nan, kuma abin da nake tsoro ɗaya ne, kada yaron nan mai sanyin hali ya je ya zama wani Baba a kan 'ya'yan mutane.

Baba ya kira shi ya durƙusa. Ya ce ranar farko ya nemi wanda ya fi kowa girma a ajin ya kwantar da shi, sauran za su shiga taitayinsu. Ya ce kada ya yarda a ga haƙoransa sai zangon karatu ya ƙare. Shi kuma sakaran ya miƙa hannu biyu yana “To, Baba.”

Ban san lokacin da na fizge dorinar ba. Na wuce cikin gida, na kife turmin Mama, na ɗora ta, na ɗauki gatarin faskare. Tauri gare ta kamar me, sai da na sara sau biyar ta rabu. Ina ɗagowa Baba na kaina. Ya ɗauki guntun da ya fi tsawo ya zabga min a kafaɗa, ni da 'ya'yana uku. Ta biyu ta yaga mayafina ta fasa min dantse, jini ya biyo har gwiwar hannu. Mama tana salati, maƙwabta sun leƙo ta katanga. Ya ɗaga ta uku ƙanena ya riƙe hannunsa. Tunda aka haife shi bai taɓa yi ba. Baba ya jefar da guntun ya ce mu ɓace masa da gani, mu duka biyun.

Na ɗaure dantsen da ɗankwalin Mama na raka shi tasha a keke. Duk hanya bakina bai huta ba. Na ce ya haddace sunan kowane yaro, wanda ya kasa karatu ya tambaye shi ko ya karya, in ransa ya ɓaci ya fita ya sha ruwa ya dawo. Yana ta gyaɗa kai. Daɗi ya cika ni, na ɗauka na ci nasara.

Sai da aka ɗaure jakarsa a bayan mota ya juyo ya ce, a hankali, “Yaya, an ce ajin cike yake maƙil. In babu bulala da me zan riƙe su? Can ma zan yanki wata.”

Na ɗauke shi da mari. Da ƙarfina duka, har hularsa ta faɗi a ƙasa, leɓensa ya fashe. Kwandasta ya ja da baya.

Ya sunkuya ya ɗauki hular, ya kaɗe ta. Bai ɗaga murya ba.

“Kin gani ko, Yaya? Ke ma da kika rasa yadda za ki yi da ni.”

Ya shiga mota ya zauna a can ƙurya, bai leƙo ba har suka tashi. Tun daga nan yakan zo hutu, muna gaisawa, yana yi wa 'ya'yana tsaraba. Har yau ban tambaye shi ko ya yanki bulalar ba. Ba ni da bakin tambaya.