Saukar Baba a Allon Gilashi

Laftof ɗina ta mutu ne a damina, kuma ba mutuwar mutunci ta yi ba. Na bar ta a kan tebur na tafi makaranta, hadari ya taso daga bayan tsaunukan nan da suka kewaye Inugu, kwanon ɗakina kuwa dama yana da wani ɗan yoyo. Da na dawo na ɗaga ta, ruwa na ɗiga daga gindinta. Mai gyara a kasuwar Ogbete ya buɗe ta, ya leƙa, ya mayar ya rufe, ya ba ni haƙuri irin wanda ake bayarwa a gidan rasuwa.

Ni malamar firamare ce. A nan unguwar Coal Camp aka haife ni, a gidan da Baba ya saya tun yana ganiyar fataucin albasa, kuma a gidan nake har yau, ni nake kula da shi tun bayan rasuwar Inna. Da laftof ɗin nan nake buga tambayoyin jarrabawa, da ita nake kallon fim ranar Asabar, da ita nake duba girke-girken da ba na taɓa girkawa. Rashinta ya dame ni ƙwarai, kuma sabuwa ta fi ƙarfina a lokacin.

Ƙanena yana sayar da wayoyi a babbar kasuwar Anacha. Shi irin mutanen nan ne da idan suka fara tallata maka abu, sai ka ji kamar duk zaman da ka yi babu abin nan zaman banza ne. Da na kai masa kuka a waya, dariya ya yi.

"Yaya, wa yake ɗaukar laftof yanzu? Dat one don old. Tabulet zan aiko miki. Duk abin da waccan take yi wannan ma za ta yi, kuma ba za ta karya miki kafaɗa ba."

Ya ba wani direba a tashar mota ta Upper Iweka, ta iso a naɗe cikin tsohuwar atamfa. Faffaɗa ce, shafal, gilashi ne gaba ɗaya babu maɓallai, girmanta kamar ƙaramin faranti.

Rabin maganarsa gaskiya ce. Wajen karatu da kallo da gaisawa da 'yan uwa ana ganin juna, ta yi min daɗi har na ji kunyar marigayiya laftof ɗina. Idan aka ɗauke wuta takan jure wuni guda ba ta yi ƙorafi ba. Amma ranar da na zauna buga jarrabawar lissafi, na gane kurena. Yatsu goma na saba aiki da su, sai ga ni ina tsattsaga gilashi da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar gero. In rubuta kalma, ta canza min ita da wadda ta ga dama. Babu inda zan soka ɗan filashin da nake kai wa mai buga mana takardu. Na kira ƙanen nawa na wanke shi tas, ya ce sabo ne kawai, in ba ta lokaci.

Lokacin ne ban samu na ba ta ba, saboda Baba.

Ciwon suga ya daɗe yana cin idanunsa. Likita ya gaya mana ba tare da kwana-kwana ba cewa abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma a hankali zai bi bayansa. Baba bai taɓa kuka da rashin ganin hanya ba, ko rashin gane mai sallama sai ya yi magana. Abu ɗaya ne ya karya shi. Tun ina ƙarama, idan ya dawo daga sallar asuba yakan shimfiɗa buzunsa a baranda, ya kwance gafakarsa, wato jakar fatar da yake ajiye littafin Allah a ciki, ya karanta izu ɗaya ko biyu da murya. Idan ya kai ƙarshe, ya sauke, sai ya sa a toya waina a raba wa maƙwabta, har da Inyamuran da ke jikin katangarmu, washegari kuma ya koma farko. Shi ba mahaddaci ba ne, 'yan gajerun surori kaɗai ya riƙe da ka. Da muryar nan nake sanin gari ya waye, ni ban taɓa sayen agogon tashi ba.

To a wannan zagayen ya ɗan wuce tsakiya kaɗan sai baƙaƙen suka gudu daga gabansa. Tabarau bai yi ba, gilashin ƙara girma bai yi ba. Duk da haka kullum sai ya fito da gafakar, ya buɗe daidai inda ya tsaya, ya ɗora a cinya, ya zauna shiru. Shirun nan ya fi kowace ƙara damuna. Na kawo masa rediyo mai karatu, ya saurara, ya yi godiya, ya ce saurare ma lada ne. Sannan ya ce shi dai da idonsa ya fara wannan saukar, kuma ba ya so ya tafi ya bar ta a tsakiya. Sau ɗaya ya faɗa, bai sake ba.

Ana nan sai matar ƙanena ta haihu, aka turo hoton jariri. Na kai wa Baba don kada ya ce an ware shi, duk da na san duhu-duhu kawai zai gani. Ya kawo tabulet ɗin dab da hancinsa, ya girgiza kai. Sai na sa yatsu biyu na ja hoton, fuskar yaron ta cika gilashin gaba ɗaya. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce kunnuwan na Inna ne, kuma wallahi ya yi daidai. Yana ce min Uwata saboda sunan mahaifiyarsa aka sa min. Bai saki tabulet ɗin ba, ya tambaya a hankali:

"Uwata, rubutu ma yana kumbura haka?"

Na ji kunya da abin bai zo min a rai ba tun farko. A ranar na nemo masa littafin Allah a cikin tabulet ɗin. Wanda na fara samu siririn bugu ne irin na 'yan Islamiyya, ya duba ya ce wannan ba hannun da ya saba da shi ba ne. Na sake lalube har na samo mai kaurin nan irin na allo, wanda ya koya tun yana yaro a arewa. Na buɗe masa daidai inda ya tsaya, na ja har layi kaɗan suka cika fuskar. Ya yi gyaran murya, ya fara. Na shige kicin na tsaya gaban tukunyar da babu komai a cikinta, ina share hawaye da bakin zani.

Washegari rigima ta fara. Baba ya raɗa wa abin suna allon gilashi, ya kuma kafa masa dokoki. Ba a taɓa shi sai da alwala. Ba a ajiye shi a ƙasa, ba a ɗora komai a kansa, wurin kwanansa saman kabad. Muka yi yarjejeniya, safiya tasa, yamma tawa. Sai ga ni, mace da girmana, ina ɗaura alwala don in duba yadda ake haɗa kek. Na yi ta gunaguni, amma da yake muryar safiya ta dawo gidan, na haɗiye.

Ba mu yi nisa a haka ba sai aka yi ɓarna. Akwai wani zauren hira na matan unguwa da nake ciki, inda ake turo komai, daga tallan turaren wuta har sanarwar rasuwa. Wata safiya Baba na tsakiyar aya, wata ta turo bidiyon biki, saƙon ya faɗo a saman shafin. Ya sa yatsa zai kore shi kamar ƙuda, sai abin ya buɗe. Kiɗa ya ɓarke a barandarmu, mata na juyi ana liƙa musu. Na fito da gudu na kashe, na ba shi haƙuri, na ce zan rufe bakin saƙonnin ba za su sake fitowa ba. Ya tambaye ni, idan yana karatu ina matan nan suke tafiya? Ni kuma da bakina mai saurin tsiya na ce suna nan ciki, ɓoyewa kawai suke yi. Ya miƙo min allon da hannu biyu.

"Karɓi abinki. Ba zan haɗa maganar Allah da masu rawa a ɗaki ɗaya ba."

Na je wurin limamin masallacinmu, na yi masa bayani. Ya ce wannan ba kamar na takarda ba ne, babu laifi, har ya tako da ƙafarsa ya zo ya gaya wa Baba. Baba ya saurare shi cikin girmamawa, ya ce malam ya fi shi sani, shi bai ce haramun ba ne, zuciyarsa ce dai ba ta kwanta ba. Ya raka shi har bakin ƙofa yana laluben bango. Da safe shiru ya dawo baranda.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce a zuciyata taurin kan tsohon nan ya wuce misali, malami ya ba shi fatawa ya ƙi, ni kuma ga jarrabawa ta matso, allon nan kuma shi ne abin da zan yi aiki da shi guda ɗaya tilo. Na kira ƙanena ko zai aiko da wata, ya ce in ɗan jira, hidimar suna ta tatse shi. Na ce to mu jira, mu ga wanda zai fara gajiya tsakanina da Baba. Sai wata safiya na miƙa masa shayi, ya kai hannu ya kama iska, can gefe da kofin. Nan na gane idanun nan ba za su jira kowa ba.

Ranar Asabar na zauna a gabansa da allon. Abin da wayata za ta iya ɗauka na tura mata, sauran na shiga gogewa, kuma duk wanda na goge sai na faɗa masa. Fina-finai sun fita. Matan unguwa sun fita. Girke-girke, hotuna, har tambayoyin lissafin da na sha wuya kafin na buga. Na zare layin ma gaba ɗaya. Na ji zafin wasu, musamman wani dogon fim da ban kai ƙarshensa ba.

"Babu kowa a ciki yanzu?" in ji shi.

"Babu kowa, Baba. Sai karatunka."

Ya tashi ya ɗaura alwala, ya dawo ya karɓa. A satin ya sa wani baduku ya ɗinka wa allon gafaka daidai jikinsa, ta jar fata.

Jarrabawar kuwa a shagon buga takardu na yi ta, ina bin layi da ɗalibai da masu neman aiki, yarinyar shagon tana tauna cingam tana gyara min Turancin da ba ya buƙatar gyara. Abokan aikina sukan tambaye ni har yau ko tabulet za ta iya maye gurbin laftof, tunda na gwada. Nakan ce wajen dogon rubutu sai mai haƙurin da ya fi nawa, wajen karatu kuwa ban ga kamarta ba. Nakan ƙara da cewa ni ba shaida ce mai ƙarfi ba, domin ban daɗe da tawa ba aka ƙwace.

Karatun bai yi sauri ba. Da farko layuka kaɗan ne a fuskar allon, sannan ya koma layi ɗaya, sannan 'yan kalmomi. Baba ya koyi ja da kansa, da yatsunsa masu kauri da suka shekara suna ɗaure buhu. Abin da yake gamawa a zama ɗaya a da, yanzu sai ya kwashe kwanaki. Akwai ranakun da sugan ke tashi, ya kasa ganin komai, ya mayar da allon gafaka ya ce gobe. Ranakun nan na fi tsoro, don ban san ko goben za ta zo da ido ba. Ina jin haka nake sharar tsakar gida, kunnena na baranda.

Da ya iso izun ƙarshe na saki ajiyar zuciya, domin yawancin surorin nan da su yake sallah. Na ce Baba, waɗannan ai suna kanka, ka rufe ido ka ƙarasa kawai. Ya ce ba haka ya yi niyya ba. Ya ci gaba da binsu kalma-kalma, kowace ɗaya ta cika gilashin, ya matso da ita gefen idon dama inda ɗan hasken ya rage, sai ya tabbatar ya gan ta sannan ya furta.

Wata safiya na gama shirin makaranta, jaka a kafaɗa, ya kira ni ya ce in zauna. Na zauna a bakin buzun. Ya karanta surar ƙarshe, ya daɗe a kanta, ya rufe allon ya ɗora a cinya, ya ɗaga hannu. Ya yi wa iyayensa addu'a, ya yi wa Inna, ya yi min har na sunkuyar da kai, ya yi wa ƙanena da jaririnsa. Na ɗauka ya gama, har na kai hannu zan shafa, sai ya ci gaba.

"Ya Allah, wanda ya ƙera wannan abu ban san shi ba. Ban san garinsu ba, ban san addininsa ba. Ka bar masa idanunsa har ƙarshen ransa."

Na ce amin. Kafin damina ta zagayo, ko fuskata ba ya rarrabewa. Amma ya kai ƙarshe da idonsa, kuma ina zaune a wurin.