Abin da Baffa Ya Faɗa wa Salula

Ko tsufa ya goge mini komai a kai, ba zai goge ranar da na zaunar da wani dattijon makiyayi gaban salula a Konni ba, don wata malamar jami'a ta yi masa tambaya daga wata ƙasa.

A lokacin ina koyarwa a wata lakwal ta ƙauye, can wajen Bazaga. A ajina akwai wata yarinya kurma, 'yar fari ga wani Bafulatani makiyayi da muke kira Baffa. Ranar da ya kawo ta, ko buron darakta, wato ofishin shugaban makaranta, bai leƙa ba. Ni ya nema, ya ce, "Madam, ga amana. Taki ta, ba ta lakwal ba." Na karɓa da karambani irin nawa, alhali ban san komai a maganar hannu ba. Muka ƙirƙiro tamu, ni da ita. Saniya, ruwa, ƙidaya, duk sun yiwu. Amma da muka zo kan "jiya" da "me ya sa", sai hannuwana suka tsaya cak. Ta zuba mini ido tana jira, ni kuwa kunya ta rufe ni.

Shi ya sa na ƙudura yin karatun masta a fannin koyar da yara masu buƙata ta musamman. Har na fara neman izinin tafiya birni, sai labari ya kai ruga. Ranar kasuwa Baffa ya tare ni, ba faɗa ba hayaniya.

"An ce za ki tahiya karatu. Allah shi ba da sa'a. In ruwa ya sauka, da ita za mu wuce arewa da shanu."

Na san yarinyar da ta bi garke ba ta sake ganin aji. Ga shi in na zauna ba ni da abin koya mata, in na tafi kuma ba wadda zan dawo in koya wa. Daga nan na shiga neman karatun da ake yi daga nesa.

Neman nan ya ba ni wuya. A ƙauyenmu rezo, wato sabis ɗin waya, sai an hau tudu ana ɗaga salula kamar mai kiran kaji. Duk ƙarshen mako sai in hau kabu-kabu zuwa Konni in yi ta bincike. Wannan da Ingilishi ake yi, wancan sunansa kawai ne na nesa, dole ka je ka zauna watanni, wani kuma ana kallonsa an san damfara ce. Na kusa haƙura, sai wata ƙawata da ke koyarwa a Malbaza ta turo mini wani na Faransanci, komai ta waya. Sharaɗinsu ɗaya: kafin su ɗauke ni, sai sun yi magana ta bidiyo da uba ko uwar yaron da zan riƙa gwada karatuna a kansa.

Nan matsalar take. Kowa ya san kunyar ɗan fari a wajenmu, balle a wajen Fulani. Baffa bai taɓa kiran sunan yarinyar ba, bai taɓa kallonta ido cikin ido ba. In zai yi zancenta sai ya ce "waccan". Wannan ne zai zauna ya yi hirar ɗiyarsa da baƙuwa? Duk da haka na roƙe shi, kuma ya zo, da sandarsa da malafarsa.

Muka zauna a zauren gidan yayana, na jingina salula da buta. Malamar ta yi gaisuwa, ina fassara. Duk abin da ta tambaya, amsarsa ba ta wuce "haka na" da "sai Madam" ba. Na ce a raina shi ke nan, karatu ya tafi, yarinya ma ta tafi. Can sai malamar ta ce in tambaye shi me yake so ɗiyarsa ta iya.

Ya kalli ƙasa, ya ce, "Ni ma ɗan fari na. Ubana bai taɓa yi min magana ta daɗi ba. Amma ina bayan bukka ina jin shi yana tambaya ko na ci, ko ƙahwata ta warke. Da haka nis san yana so na. Waccan kau, kullum ina tambaya, ba ta ji. Ki hwaɗa mata, a koya miki yadda za ki gaya ma waccan ina tambaya."

Na juya ga salula in fassara. Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, sai ga ni ina goge hawaye da bakin mayafi. Da ƙyar na harhaɗa Faransancin. Malamar ba ta ƙara tambaya ba.

Sun ɗauke ni, yarinya ta zauna, ba ta bi garke ba. Sai da karatun ya yi nisa kafin hannuwana su iya ɗaukar wannan saƙo, na isar mata da shi. Ranar kasuwar da ta biyo baya, ta je ta tsaya gabansa ta yi masa alamar "Baba". Ya kau da kai, kamar yadda al'ada ta ce. Da mutane suka watse, ya zagayo bayan aji ya same ni, ya duba hagu da dama, ya ajiye sandarsa.

"Madam, mi a amsar abin da ta yi? Gwada min."

Abin da na koya ke nan. Da ina tsammanin aikina shi ne in cusa wa yaro karatu. Ashe yaron da ba ya ji, kafin boko akwai abin da ya fi rasawa: maganar da na gidansu ke yi a kansa don suna son sa, wadda kowa ke ji ban da shi. Duk malamin da bai fara kai masa wannan ba, bai fara aiki ba.