Na Ba da Rago, Na Karɓo Mataccen Babur

Ragona na bayar na karɓo babur ɗin. Gara in faɗa tun farko, domin a gidanmu duk wanda zai ba da labarin nan da ragon yake farawa, wani ma daga nan ba ya ƙara gaba.

A Bungudu na gan shi, ranar da na raka Baba gaida wani abokinsa, tsohon malamin gona da ya yi ritaya. Suna zaure suna gaisuwar da ba ta da ranar ƙarewa, ni kuwa na hango wani abu a lungu, an lulluɓe shi da tsofaffin buhuna. Na ɗaga buhu ɗaya, kaza ta tashi. Na ɗaga na biyu, wata kazar ta tashi tana zagina. A ƙarƙashinsu ga babur, irin na shiga daji ɗin nan mai dogon wuya da taya haƙora-haƙora, wanda ake ba malaman gona a da su riƙa zagaya ƙauyuka. Tayoyin sun sace sun manne da ƙasa. Bayansa ya zauna daɓas kamar jakin da ya yi yaji. Inda ya kamata a ce kujera take, ƙwai uku na tarar.

Na ce wa mai gidan, "Baba, wannan yana tashi?"

Ya ce, "Ya taɓa tashi."

"Yaushe?"

"Shekarunka nawa?"

Na faɗa masa. Ya yi ɗan lissafi da yatsu, ya ce to ban riski lokacin ba. Amma ya rantse ba abin da ya sami babur ɗin, hutawa kawai yake yi. Na hau na zauna a kan ƙarfen, ƙafafuna biyu suka taka ƙasa daram. Nan take na hango kaina ina ratsa Gusau, 'yan kabu-kabu suna ba ni hanya, 'yan ajinmu suna suma ɗaya bayan ɗaya.

Ba ni da komai a duniya sai farin rago mai baƙin wuya, wanda na yi shekara biyu ina ɗauko wa harawa a ka. Tsohon ya ce ya ji labarin ragon. A hanyar gida na nemi izinin Baba. Ya ce, "Ragonka ne." Wanda ya san Baba ya san in ya ce abu naka ne, yana nufin wautar ma taka ce.

A bayan a-kori-kura aka kawo shi gida, a kwance kan buhunan masara. Inna ta fito daga madafi da muciya a hannu, ta zagaya shi sau ɗaya, ta ce, "Ina sauran?" Na ce ai shi ke nan. Ta ce, "Allah ya jiƙan rago," ta koma ciki.

Baba ya bar ni na ajiye shi a shagon ƙofar gida, amma da sharaɗi. "Shagon nan na taki ne," in ji shi. "Ranar da ruwan farko ya sauka, taki zai shigo. In wanga abu bai tashi ba kafin nan, ɗan gwangwan mai sayen tsohon ƙarfe zai ɗora shi bisa sikeli." Lokacin bazara ta kankama. Na duba sama, ba ko ɗigon gajimare. Na ce na yarda.

A wayar Yaya na koyi aikin. A wani bidiyo, wani Bature mai gemu ya kwance irinsa cikin minti goma, ana ta kiɗa, hannunsa ko baƙi bai yi ba. Ni kwana tara na yi, kuma har cikin kunnena akwai baƙin mai. Abin da na tarar cikin tanki ba fetur ba ne, wani abu ne mai kama da kunun da aka manta. A cikin salansa kuwa, wato bututun hayaƙi, ɓera ya yi gida, ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya.

Dabara ɗaya na yi wadda har yau nake alfahari da ita. Duk abin da na kwance sai in jera shi bi da bi a kan tsohuwar tabarma a bayan madafi, don in na tashi mayarwa in faro daga ƙarshe. Ƙananan kayan kuma, notuna da kabureta, na jiƙa su da kananzir a cikin gwangwanayen madara guda huɗu. Kabureta ita ce ke haɗa mai da iska ta ba inji, kuma Baturen ya ce a bar ta ta kwana biyu a jiƙe. Bai ce komai ba game da Inna.

Ranar Laraba ina makaranta ɗan gwangwan ya bi ta layinmu da baronsa, yana kiran masu tsohon ƙarfe su fito a yi musaya da roba. Inna ta daɗe tana son babbar robar wanki. Ta tattara tsohuwar tukunya da karyayyen murhu, aka ce bai kai ba. Ta waiga, ta ga gwangwanaye huɗu baƙi ƙirin suna wari a bayan madafinta.

Da na dawo na tarar da sabuwar roba shuɗiya a tsakar gida, tana ƙyalli.

"Inna, ina gwangwanayena?"

"Waɗanne? Masu warin nan? Har da tsiyaye masa ruwan na yi."

"Inna, kabureta ce a ciki!"

"To ai ban taɓa maka tabarmarka ba," ta ce. "Shara na kwashe. Dubi robar, har da hannu biyu."

Da kayan makaranta na ruga wurin da 'yan gwangwan ke tara ƙarfe a bayan kasuwa. Tsauni ne guda, in ka hau samansa ina jin za ka hango Tsafe. Na yi sa'a na sami mutumin, ya taya ni tono har muka ga gwangwanayen da yawancin notunan. Kabureta kuwa ya ce ai farin ƙarfe ba ya kwana, tun da hantsi masu narka shi su zuba tukwane suka kwashe. Saboda haka yanzu haka akwai wani gida a Gusau da ake tuƙa tuwo a cikin kaburetata. Ina fata tana yi musu aiki.

Mutumin ya ji tausayina ƙwarai. Ya tambaye ni nauyin sauran babur ɗin.

Na zagaye masu sayar da kayan babur na garin nan kaf. Kowa ya ji irin babur ɗin sai ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji, su yi dariya tare. Kayan baburan kabu-kabu kawai suke da su. Da aka yi hutu na sa injin a buhu na nufi Tsafe wurin Kawu, ƙanen Inna, wanda ke kanikanci a gindin wata bishiyar dogon yaro. A mota kwandasta ya ce injin fasinja ne, don haka a cinyata ya zauna har muka isa, kuma shi ya fi ni samun iska.

Kawu ya zazzage buhun, ya tsuguna ya daɗe yana kallo.

"Wa ya kwance wanga inji?"

"Ni ne, Kawu."

"Da mi? Da gatari?"

Ya ce zai taimaka, amma ba zai taɓa ko noti ɗaya ba. Shi zai zauna a benci ya yi magana, ni in yi aikin. Sati uku na yi a wurinsa. Na koyi sa ringi a fistin na cikin inji ba tare da na karya ba, bayan na karya biyu. Na koyi cewa ba kowane abu ne ake bugawa da guduma ba, wasu sai an fara yi musu magana. Maganar kabureta kuwa, Kawu ya zaro wata ta baburin kabu-kabu daga cikin tarkacensa, ya sa na haɗa ta da injin da guntun tiyo da waya. Na ce a wayar Yaya ba haka aka yi ba. Ya ce to in kira Baturen ya zo Tsafe.

Da muka gama haɗawa noti uku suka rage a ƙasa. Hankalina ya tashi. Kawu ya tsince su ya jefa a aljihu, ya ce kamfani ne ke sa su da yawa saboda albarka.

Na dawo Gusau na tarar gabas ta fara haɗa baƙi da yamma. Buhunan takin Baba sun iso, an jibge su a zaure suna jiran shago. Ɗan gwangwan kuma ya mai da layinmu hanyarsa. Kullum da safe sai ya tsaya ya leƙo, ya ce, "Ya mai jiki?" In ce da sauƙi. Ya ce, "Allah ya sa kaffara ne," ya tura baronsa.

Kwana huɗu na yi ina ɗora inji, na ɗaura sarƙa, aka yi wa tayoyi faci aka ba su iska, wani mai walda ya miƙe ƙarfen bayan da ya zauna, na samo kujera na ɗora. Ranar Asabar da la'asar iska ta taso mai ƙamshin ƙasa. Na turo babur tsakar gida, na jingina shi da bango. Baba ya fito da kujerarsa. Inna ta tsaya a ƙofar madafi. Ɗan gwangwan yana waje, ban san wanda ya gaya masa ba.

Na lura kik ɗin da ake bugawa a tayar da shi ya yi mini sama, sai na jawo turmi na kife, na hau. Na buga, shiru. Na buga har na daina ƙirgawa, ƙafata ta zama ta wani. Ɗigon farko ya faɗo a kan tanki. Baba ya dubi ɗigon, ya dube ni. Na yi bisimilla na haɗa da duk nauyin da Allah ya ba ni.

Ya yi tari sau biyu, ya yi atishawa, sannan ya fashe da wata ƙara da ta sa awakin maƙwabta suka tsinke igiya. Hayaƙi ya rufe gidan har ba na ganin Baba, muryarsa kawai na ji yana cewa, "Ikon Allah." Daga waje na ji ƙarar baro tana yin nisa.

Na haye, na ture bango da hannu, na miƙa ƙafa in taka ƙasa. Babu ƙasa. Na miƙa ɗayar, nan ma babu. A Bungudu da na auna shi tayoyinsa a sace suke, bayansa a zaune. Yanzu da ya sha iska ya miƙe, ya koma raƙumi. Muka tafi gefe a hankali, ni da shi, cikin natsuwa, muka sauka a kan shuɗiyar robar Inna. Ta rabe biyu, kowane ɓari da hannunsa.

Baba ya ɗaga babur ɗin daga kaina, ya tambaya ko na karye. Na ce a'a. Ya tattare rigarsa ya hau, ƙafafunsa suka taka ƙasa daram. Ya murɗa totur kaɗan, ya saurara, ya ce, "Ashe abin kirki ne."

Damina ta sauka sosai a shekarar. Hanyar gonarmu ta zama taɓo, baburan mutane suna kafewa, wannan kuwa haƙoran tayarsa suna cizon laka yana wucewa. Da shi aka kai takin gaba ɗaya. Baba ke tuƙi, ni ina baya na rungume buhu. In mun tsaya mutane suka yaba, sai ya ce, "Na yaron nan ne, shi ya gyara abinsa." Ni ke wanke shi, ni ke duba fulogi, ni ke buga kik daga kan turmi in ba shi ya hau.

Abokaina suna tambayata ko su ma su sayi mataccen babur su tayar. Ina ce musu su tanadi kawu a Tsafe, su ɓoye gwangwanayensu, kuma su sa a ba tayoyi iska kafin su hau gwaji.

Baba ya ja layi da gawayi a bangon zaure, ya ce ranar da kaina ya kai nan zai ba ni makulli. Duk Juma'a nake aunawa. Saura yatsa huɗu, uku in na sa takalmin Yaya. Inna ta ce in na fara hawa, tafiyar farko kasuwa za ni, in sayo mata roba.